Zuwa Taron Masu Labaran Almara: Tambayoyin da Marubutan Damagaram Ke Yawan Yi

Tun da rubutun labaran aljanu da mayaƙa da biranen da babu su a taswira ya koma cikin salula, matasan Zinder da dama sun shiga harkar, maza da mata. Wasu a WhatsApp suke sakin labarinsu babi-babi, wasu har sun kai ga buga ɗan littafi a Kano ko Yamai. Da an zauna fada an ɗora shayi, ko an haɗu a harabar jami'ar André Salifou bayan lacca, zance yakan gangaro kan manyan tarukan da masu irin wannan rubutu ke yi a waje: yaya ake zuwa, nawa ake kashewa, me ake samowa. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da abin da nake amsawa.

Malam, shi wannan taro baje kolin littattafai ne?

Sun yi kama, amma masu gida sun bambanta. A baje koli kamfanonin ɗab'i ne ke kafa rumfa, ciniki ne a gaba. A taron almara masu karatu ne ke shirya abinsu, su kira marubuta su zauna cikinsu. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa shi ne Worldcon, wanda aka fara a New York a 1939. Ba shi da garin kansa. Kowace shekara wani birni yake sauka, kuma mambobi ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi birnin tun da sauran shekara biyu. A 2023 Chengdu ta ƙasar Sin ce ta karɓa, a 2024 Glasgow, a 2025 Seattle. Har yau bai taɓa sauka Afirka ba. Ƴan sa-kai ne ke riƙe da shi, tun daga mai raba bajo a bakin ƙofa har shugaban taron, kuma a nan ake ba da Hugo, kyautar gwanayen labaran almara, da aka soma a 1953.

Akwai World Fantasy Convention, da aka fara a 1975 a garin Providence na Amurka. Bai kai wancan cika ba, amma editoci da wakilan marubuta sun fi yawa a cikinsa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci kuma, akwai biyu a Faransa da ya kamata mu sani: Imaginales a Épinal, cikin watan Mayu, tun 2002, da Utopiales a Nantes, wajen ƙarshen Oktoba, tun 2000.

Cikin yini ɗakuna da yawa ke aiki lokaci guda. Nan mutum huɗu na muhawara kan yadda ake ƙirƙiro masarauta a labari, can wata na karanta babi daga sabon littafinta, gaba kaɗan layi ne na masu jiran a sa musu hannu a littafi, ga kuma babban zaure na ƴan kasuwa. Ba mai iya ganin rabin abin. Zaɓa ake yi.

Sai an gayyace ni zan je?

A'a. A Worldcon da ire-irensa duk wanda ya biya kuɗin zama mamba ya shiga, marubuci ne ko makaranci. Manyan baƙi ƴan ƙalilan ne kawai ake ɗauke wa jirgi da otal. Sauran marubutan da za ka gani bisa dandamali, har waɗanda sunansu ya zagaye duniya, da aljihunsu suka zo.

In kana son a sa ka cikin masu magana, akwai takardar da ake cikawa a intanet wata da watanni kafin taron. Za a tambaye ka abin da ka rubuta, da batutuwan da kake iya magana a kai, da harshen da kake ji. Kada ka rubuta "komai da komai". Rubuta abu uku da ka sani ciki da bai, misali tatsuniyar Gizo da yadda ake juya ta ta zama dogon labari, ko yadda ake sayar da labari babi-babi ta salula, abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba.

Faransa tsarinta daban ne. Can galibi ta hannun kamfanin da ya buga maka littafi gayyata ke zuwa, kuma kantin littattafan taron ne ke sayarwa, kai naka zama da sa hannu. Wanda ba shi da mawallafi a can yana iya shiga ya kalla ya saurara, amma samun kujera da sunansa a kai da wuya.

Da Hausa na rubuta littafina. Wa zai karanta shi a can?

Kusan babu kowa, ƙanena, gara ka ji daga bakina tun kana gida. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ita ce aka fi tsallakewa a tafi zancen biza.

Ba cewa nake ka bar Hausa ba. Masu karatunka suna nan, daga Zinder zuwa Maraɗi zuwa Kano har Kumasi, sun fi mutanen wasu ƙasashen Turai yawa, kuma tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Abin da nake cewa shi ne kada ka shiga jirgi ba ka riƙe da wani abu da mutanen can za su iya karantawa. Gajeren labari guda, cikakke, da aka fassara da kyau, ya fi katan ɗin littattafan da ba mai iya buɗe shafin farko ya gane. Masu Hugo suna kiran labari gajere in bai kai kalma 7,500 ba, littafi cikakke kuma daga kalma 40,000 zuwa sama. Mujallu da yawa sun fi son abin da bai wuce kalma dubu huɗu ko biyar ba. Ka nufi wannan.

Fassara tana buɗe ƙofa, an gani. A 2015 littafin Liu Cixin, wanda da Sinanci aka rubuta shi Ken Liu ya mayar Ingilishi, ya ci Hugo, kuma shi ne littafin fassara na farko da ya ci. Amma dubi wanda ya fassara: marubuci ne shi ma. Wannan shi ne sharaɗin. Mushen da ya koya maka nahawun Faransanci a kwaleji yana iya gyara maka kuskure, ba lalle ne ya iya ɗauko kirarin sarkin yaƙi ya sauke shi cikin wani harshe da ransa ba. Nemi mai karanta labarai don jin daɗi, ku zauna tare, jimla bayan jimla. Injin fassara na intanet yana taimakawa wajen rubuta wa otal wasiƙa. Ka ba shi habaicin kishiyoyi ko zambon maroƙi ka ga abin da zai dawo maka da shi.

Wane harshe? Worldcon da World Fantasy da tarukan Najeriya, Ingilishi. Épinal da Nantes, Faransanci. Mu ƴan Nijar muna da ƙafa a kowane ɓangare, sai dai yawancinmu Ingilishin ne ke ba mu wuya, kuma kasuwar irin wannan labari ta fi faɗi a can. In an ba ka lokacin karatu, fara da sakin layi ɗaya da Hausa, da murya sosai, kafin ka koma fassarar. Mutane kan ajiye salula su ɗago kai.

To ina ya kamata in fara?

Kusa. Daga Zinder zuwa Kano, ta Matamaye da Daura, kimanin kilomita 240 ne, alhali Yamai kusan 900 ce. Kasuwar littafin Hausa a Kano take, masu buga littattafan yaƙi da na aljanu can suke. A Kaduna an fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, sannan a 2021 aka fara HIBAF, wanda shi kacokan don adabin Hausa aka kafa shi. A kudu akwai bikin Aké da Lola Shoneyin ta kafa a Abeokuta a 2013, daga baya ya koma Legas. A wajen Aké aka fara ba da kyautar Nommo a 2017, kyautar da ƙungiyar marubutan almara ta Afirka ke bayarwa. Akwai kuma mujallar Omenana, tun 2014 take buga irin waɗannan labarai na ƴan Afirka a intanet. Karanta ta kafin ka je ko'ina, don ka san da wa kake tafiya.

Waɗannan bukukuwa ba na almara zalla ba ne, amma a nan za ka koyi riƙe makirfo, da amsa tambayar da ba ka shirya mata ba, da kuɗin mota maimakon kuɗin jirgi. Wanda bai taɓa magana gaban mutum talatin a Kaduna ba, ban ga dalilin da zai sa ya fara da Glasgow ba.

Akwai kuma shiga daga gida. Tun 2020, da annoba ta sa aka yi Worldcon kacokan a intanet, taruka da dama suna barin ƙofar nan a buɗe, har ana sa mutum cikin masu magana daga ɗakinsa. Abin da za ka tanada shi ne wuta da layi mai ƙarfi: cika batir, sayi isasshen intanet, ka lissafa bambancin awa tun da wuri, don zaman yamma a yammacin Amurka tsakar dare ne a nan.

Nawa zan tanada?

Kuɗin shiga Worldcon cikakke yakan kai dalar Amurka 200 ko fiye, kuma yana hawa in taro ya matso. Wasu shekarun akan yi rangwame ga mai zuwa karon farko. Akwai ƙaramin kuɗin mamba, wajen dalar Amurka 50, wanda ba ya shigar da kai zaure amma yana ba ka ƙuri'a a Hugo, kuma galibi ana turo wa masu ƙuri'a da yawa daga cikin labaran da ke takara su karanta. A ganina wannan ita ce araha mafi girma a duk harkar.

Amma kuɗin shiga shi ne ƙarami. Jirgi daga Yamai ko Kano, ta Adis Ababa ko Santambul ko Kasablanka, da otal na kwana biyar ko shida, da abinci a garin da kofin shayi ke cin kuɗin tuwon gida guda, su ne ke karya mutum. Haɗa lissafinka da sefa kafin zuciya ta ɗauke ka: Yuro ɗaya sefa 656 ne. Marubuta kan haɗu biyu ko uku su raba ɗaki. Akwai asusun Con or Bust da ke tallafa wa baƙaƙen fata da sauran waɗanda ba Turawa ba su halarci irin waɗannan taruka, ana nema a rubuce. Kuma biyan duk ta katin banki ne a intanet, don haka je bankinka tun da wuri ka tabbatar katinka na biya a waje.

Kada ka sayar da fili ko shanun gida, kada ka ci bashi da niyyar cinikin littafi zai biya. Ba zai biya ba.

Biza fa?

Nan ne tafiya da yawa ke mutuwa. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, don haka mai nufin Épinal ko Nantes sai ya fara binciken inda zai ajiye takardunsa tun kafin ya sayi komai. Kuɗin neman bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta Faransa da wasu ƙasashen Turai, Yuro 90 ne, kusan jika 59, kuma in an hana ba a mayarwa. Ana neman inshorar lafiya, da shaidar masauki, da takardun banki, da abin da ke nuna za ka dawo: aiki, iyali, karatu. Biritaniya ba ta cikin Shengen, tata bizar daban. Dokokin shiga Amurka kuwa suna sauyawa da sauri, karanta na ranar da kake ciki kafin ka biya sisi.

Masu taro sukan rubuta wa mamba takardar gayyata in ya roƙa, amma takardar ba ta tilasta wa kowane ofishin jakadanci komai. Fara wata shida kafin lokaci. Tikitin da ake iya mayarwa ya fi, ko da ya ɗan fi tsada.

A yi hattara da saƙon da ke cewa an zaɓe ka babban baƙo a wani taro a Landan ko Kanada, ka turo kuɗin "gyaran takardu". Taron gaskiya ba ya karɓar kuɗin biza a hannunka. Ko Najeriya za ka, riƙe fasfo da katin allurar shawara. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, iyakar ma ta taɓa rufewa a 2023 sai a 2024 aka buɗe, don haka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a satin da za ka tashi.

Kwafi nawa zan ɗauka?

Kano ko Kaduna, ɗauki abin da za ka iya ɗagawa. Turai ko Amurka, goma zuwa ashirin sun isa, kuma yawancinsu kyauta za ka bayar. Akwatin jirgi galibi kilo 23 ne. Na ga wani ƙanenmu ya kai jakarsa wajen mai sikeli a kasuwar Dole ana gobe zai tafi, allura ta wuce talatin. Nan ya durƙusa a gaban rumfa yana fitar da littattafai biyar-biyar, yana mayar da kilishi da rigar sanyi, mai sikeli na ta ce masa, "Malam, rage takardun nan, ba su za ka ci ba." Gaskiya ya faɗa.

Tebur a zauren ƴan kasuwa haya ake biya, kuma wanda ya kama tebur ya ɗaure kansa a kujera yini guda, bai ga muhawara ba, bai gana da kowa ba. Ga batun duwan da harajin ƙasar, ga kuma cewa bizar ziyara sau da yawa ba ta yarda da ciniki ba. Abin da ya fi amfani shi ne ƙaramin kati mai sunanka da adireshin imel, da takarda guda mai ɗauke da bayanin littafin a gaba, farkon fassarar a baya.

An sa ni cikin zaman muhawara. Me zan yi?

Zaman kusan awa guda ne, mutum huɗu ko biyar da mai jan ragama, sai ƴan mintoci na tambayoyin jama'a a ƙarshe. Raba awa ɗaya gida biyar ka ga rabonka. Mu mun saba da doguwar shimfiɗa: sallama, godiya ga shugabanni, gaisuwa ga manyan baƙi, neman afuwa. Can in ka yi haka lokacinka ya ƙare ba ka ce komai ba. Faɗi sunanka, garinku, abin da kake rubutawa, cikin jimla biyu.

Tanadi labari ƙanana guda uku da suka shafi batun, kowane na minti ɗaya. Misali ya fi bayani shiga kunne. Saurari na kusa da kai, ka ɗora a kan maganarsa, ko ka saɓa masa cikin ladabi, suna son haka. Littafinka ka ambace shi sau ɗaya, ka jingine shi a gabanka, ya isa. In Ingilishinka na tafiya a hankali, gaya wa mai jan ragama tun kafin a shiga, zai ba ka sarari. Ba wanda zai yi maka dariya, rabin zauren ma harshe ɗaya tak suke ji.

In suka tambaye ni zancen aljanu da bori fa?

Za su tambaya. Wani da kyakkyawar niyya, wani don yana neman abin mamaki daga Afirka. Tambayar takan zo kamar haka: ku da kuka yarda da aljanu, labarinku almara ne ko gaskiya? Amsata ita ce, kasancewar aljanu ba ni na ƙirƙiro ba, sura guda ce a Alƙur'ani. Amma aljanin da ke cikin littafina, da sunansa da garinsu da rigimarsa da matarsa, ni na ƙaga shi, kuma mai karatuna a unguwar Zango ta Zinder ya san haka sarai.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne kada ka bari a mayar da kai mai bayanin al'ada. Kai marubuci ne. In an sa ka zaman "almarar Afirka" kaɗai, karɓa, amma ka nemi a sa ka kuma inda ake zancen yadda ake rubuta fagen yaƙi, ko gina mugu a labari, ko barkwanci. Kana da abin faɗa a can. Zinder, garin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, garin da ayarin raƙuma ke tashi daga Zango su nufi Tarabulus, garin da ya riƙe hedikwatar mulkin mallaka har 1926, ba ya rasa abin koya wa mai ƙirƙirar masarautar ƙarya yadda fada da kasuwa da barikin soja ke zaman doya da manja.

In an ce yaushe kuka fara irin wannan rubutu, kana da shekaru a hannu. Gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu cike da aljanu da tafiye-tafiyen mamaki, tun kafin a yi Worldcon na farko. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Game da bori kuma, faɗi iyakar abin da ka sani. Akwai masu abin, suna raye, ba kayan ado ba ne da za ka yafa don a tafa maka.

In na zauna teburin sa hannu ba wanda ya zo fa?

Zai faru, kuma yana faruwa da kowa. Za a ajiye ka da ɗan kwali mai sunanka, wataƙila an rubuta shi ba daidai ba, bik biyu a gabanka. Na damanka layinsa ya kai bakin ƙofa, kai kuwa sai mai tambayar ina ne bayi. Kada ka sunkuya cikin salula. Mutanen da ke tsaye a layin maƙwabcinka sun gaji da tsayuwa, idonsu na yawo, wani zai ɗauki littafinka ya juya shi ya ce wane harshe ne wannan, wannan harafi mai ƙugiya fa? To hira ta buɗe. Miƙa masa takardar fassarar. Na hagunka da shi ma ba kowa a gabansa, gaishe shi. Sau da yawa irinsa ne ke tuna ka in ana haɗa kundin labarai bayan shekara.

Zan iya miƙa wa edita rubutuna hannu da hannu?

Kada ka yi, sai in shi ya nema. Ba mai son komawa gida da damin takardu. Abin da ake so ka iya faɗin labarinka cikin numfashi biyu: wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya. In ya ji daɗi zai ce turo, ya ba ka adireshi. Wasu tarukan suna shirya ɗan zaman shayi na mutum kamar goma da edita ko marubuci guda, ana rubuta suna tun da safe. Yi sammako ka rubuta naka.

Wakilin marubuci na gaskiya kaso yake ɗauka bayan ya sayar, galibi 15 cikin ɗari, ba ya karɓar kuɗin karatu. Kamfanin da ya ce ka biya ya buga ka, ɗan kwangilar ɗab'i ne kamar na Kano, sai dai ya fi tsada. Kada ka sa hannu a kowace yarjejeniya a wurin taro. Kawo ta gida, a karanta maka ita a tsanake, musamman wurin da ya shafi haƙƙin fassara da na fim da yawan shekaru. Ka tabbata haƙƙin Hausa ya zauna a hannunka. Kafin tafiya kuma ba laifi ka yi rajistar aikinka a BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa na Nijar.

Salla da abinci fa? An ce hirar duk a mashaya ake yi.

Da gaskiya a ciki: da dare marubuta kan taru a mashayar otal, kuma nan ake sanin juna. Ba mai tilasta maka shan komai, da yawansu ma lemo ne a hannunsu. In zuciyarka ba ta kwanta da wurin ba, akwai karin safe, akwai zauren shayi, akwai baranda. Ce wa mutum "mu sha shayi gobe da safe" ba baƙon abu ba ne.

Manyan taruka kan keɓe ɗakin shiru, wasu har da na ibada, tambayi masu bajo. Riƙe ƙaramar darduma. In arewacin Turai ne cikin Agusta, rana na daɗewa ba ta faɗi ba, duba jadawalin sallar garin. Abinci kuwa, kifi da ganye ba sa ƙarewa, kuma da wuya babban birni ya rasa gidan abincin Turkawa ko Pakistanawa.

Yaya, ni mace ce, kuma da lulluɓina nake fita. Zan sake a wurin?

Za ki sake, ƙanwata. Mata sun cika harkar nan, a masu karatu da masu cin kyauta. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta ƴan Najeriya ne, ta ci kyautar World Fantasy a 2011, ta ci Hugo a 2016. Kowane babban taro yana da rubutacciyar dokar ɗa'a da mutanen da ake kai wa ƙara in wani ya takura miki, lambarsu takan kasance a littafin taron. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. In ba kya musabaha da maza, ɗora hannu a ƙirji ki yi murmushi, an gane. Abin da ya fi wuya yana gida: yardar iyaye ko maigida, da wanda zai raka ki. Fara wannan magana tun kafin zancen biza, kuma Kano ko Kaduna sun fi sauƙin shawo kai a tafiyar farko.

Dole ne in yi shigar dodo kamar yadda nake gani a hotuna?

Ba dole. Wasu masu karatu ne ke ɗinka kayan jaruman da suke so, har da gasa a dare guda. Ɗan Damagaram da ya taso yana kallon wasan kara, inda saurayi ke shigar gwamna ko sarki ya bi gari ana yi masa fadanci, ba zai ga baƙon abu ba. Marubuta kayansu na kullum suke sawa. In ka sa babbar riga da hula za a yi ta yaba maka, wani ma zai tambaye ka wane jarumi ka kwaikwaya. Ce masa kayan Juma'a ne. Takalmi dai ya zama mai daɗin tafiya, zaurukan suna da nisa tsakaninsu.

Na dawo gida. Sai me?

Cikin sati biyu rubuta wa duk wanda ya ba ka kati, gajeren saƙo, ka tuna masa inda kuka haɗu da abin da kuka tattauna. Wanda ya ce turo, tura masa abin da ya nema kaɗai, a tsarin da ya ce, ka rubuta sunan taron a kan saƙon. Amsa takan ɗauki wata biyu ko uku, wani lokaci fiye, kuma "a'a" ta fi yawa. Kada ka tura labari guda ga mujallu biyu lokaci ɗaya sai in dokarsu ta yarda. Kada kuma ka saki fassarar a Facebook ko WhatsApp kana jiran amsa, don yawancin mujallu suna ɗaukar abin da ya riga ya fita a intanet a matsayin wanda aka taɓa bugawa, ba sa sayensa da farashin sabo.